Taimakon marayu: gidan marayu ko hannun mai riƙo?

Duk azumi sai an tambaye ni ina ya fi dacewa a kai taimakon marayu.

Gidan marayu ya fi sauƙi. Akwai ofis, akwai rajista, ka sauke buhun shinkafa a ba ka rasit, kodayake cikin kuɗin akwai na ma'aikata.

Kaka ko gwaggon da ta ɗauki 'ya'yan mamaci kuwa ba kowa ya san da ita ba, sai ka tambayi liman ko mai unguwa. Tana dakau tana biyan kuɗin makarantar yara uku, kunya ta hana ta roƙo. Abin da ka ba ta kai tsaye yake shiga tukunya, yaran kuma suna cikin danginsu. Haɗarinsa, wani mai riƙon yakan fifita nasa 'ya'yan.

Mazaunin nesa da kamfani mai son takarda, gidan marayu ya fi musu. Maƙwabcin da zai riƙa leƙawa, ya kai wa mai riƙo.