Sharhi kan tsohon littafin Robert Propst na tsarin ofis, bugun 1968

Masu tara tsofaffin mujallu da littattafan kayan ɗaki na tsakiyar ƙarni na 20 yawanci kujeru suke bi, irin kujerar hutawa ta Eames ta 1956 ko ta Saarinen mai ƙafa ɗaya. Ni kuwa abin da na saya bana da ya fi shiga raina shi ne The Office: A Facility Based on Change, na Robert Propst, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen bincike na kamfanin kayan ɗaki na Herman Miller da ke jihar Michigan a Amurka.

Siririn littafi ne, a zama ɗaya za ka gama shi. Amma maganar da ke ciki mai nauyi ce. Propst ya ga ma'aikaci na wuni a zaune wuri guda, jiki ya mutu, tunani ya dushe, takardar da aka cusa a durowa kuma an manta da ita ke nan. Sai ya ce a ba mutum inda zai yi aiki a tsaye da inda zai zauna, a kafa masa aikinsa a gaban idonsa, a yi bangon da za a iya kwancewa a sake ɗaurawa idan buƙata ta canza. Zane-zanen da ke ciki sun fi dogon bayani amfani, musamman ga mai sana'ar kafinta irina.

Abin da ya sa nake ganin darajarsa shi ne lokacin da ya fito. A 1964 aka fitar da Action Office na farko, wato tsarin kayan ofis da Propst ya ƙirƙiro tare da mai zanen kayan ɗaki George Nelson, har da teburin rubutu a tsaye, amma tsada ta hana shi kasuwa. Na biyun ya zo a 1968, ya karɓu sosai. Daga nan kamfanoni suka ɗauki bangon suka matse ma'aikata cikin ƴan akurkai, abin da Propst kansa ya yi tir da shi kafin rasuwarsa a 2000. Ka karanta kyakkyawar niyyarsa a shafin, alhali ka san inda abin ya ƙare, wallahi sai ranka ya sosu.

Ta intanet na saye shi, wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai. A nan ne nake da ƙorafi. Ya rubuta cewa lafiya lau yake, sai ga shi ya iso da warin danshi, gefen takardun ya yi ruwan ƙasa, shafi biyu na tsakiya sun fara ɓallewa. Kuɗin aikowa ma ya kusa kamo kuɗin littafin.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Mai niyyar saye dai ya nemi hoton ɗaurin littafin da na shafin da ke nuna shekarar bugu kafin ya biya, kuma idan ya iso, ya ajiye shi nesa da rana da danshi.