Filin da na raina a Ostin

Wata na biyu da zuwana Ostin ta jihar Tekzas, ƙishin kallon ƙwallo ya dame ni. Na nuna wa maƙwabcina ƙaton filin Jami'ar Tekzas, wanda ke ɗaukar mutum dubu ɗari, na ce yaushe za a taka leda a nan? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe wannan na ƙwallon Amurka ne, wadda ake runguma a ƙirji ana ture-ture. Irin tamu, in ji shi, sai in tsallaka ƙaramin da ke gefe, filin Mike A. Myers, kuma 'yan mata ne ke bugawa, don jami'ar ba ta da babbar ƙungiyar maza.

Na tafi ina taɓe baki. Jama'a, na sha kunya. "Ƙaramin" nan mutum 20,000 yake ci. Ciyawa kuwa shar, kamar an shimfiɗa darduma, ƙwallo na tafiya sumul ba ta yin tsalle. Idona ya fi zama a kan ciyawar fiye da wasan. Na tuna filinmu na unguwa, inda mai tsaron gida ke tsoron rami fiye da ɗan gaba, inda faɗuwa ɗaya ke sa ka yi mako kana jinyar gwiwa. Wallahi duk da haka na yi kewarsa, don a nan ba kalangu, ba mai yi wa alƙalin wasa kirarin tsiya.

A 1999 aka buɗe filin, aka sa masa sunan tsohon ɗalibin da ya ba da gudummawar gina shi. Kafin nan a cikin wancan ƙaton ake tsere, sai aka cire hanyar gudun aka yi mata gida nata. Ita ce ta kewaye ciyawar. Da kaka 'yan mata na ƙwallo, wajen ƙarshen Maris kuma gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Texas Relays, wadda aka fara tun 1925, har 'yan sakandare na zuwa. A nan ma Divine Oduduru, ɗan Najeriya, ya cinye tseren mita 100 na jami'o'in Amurka a 2019 cikin daƙiƙa 9.86, kafin daga baya a dakatar da shi kan batun ƙwayoyi.

Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun filin. Ya haura ashirin da biyar, amma ka ce bara aka gama shi. Mu fa? A yanka zare da algaita, gwamna ya buga ƙwallon farko, shi ke nan an gama. Bayan shekara biyu 'yan siyasa sun kafa rumfuna a tsakiyar ciyawa, masu koyon mota sun mallake hanyar gudu, awaki na bin abin da ya saura. Famfon ban-ruwa ya lalace, wai ana jiran sabon kasafi.

Asabar mai zuwa zan koma, da ƙaramar 'yata.