Jiji ko Facebook: ina za a sayi piyano na hannu, ina za a sayar da keken motsa jiki?

Ɗan'uwa, ka ce kana neman piyano Yamaha na hannu don ƙaramin situdiyonka, kuma kana so ka rabu da keken motsa jikin da ya zama wurin shanya a tsakar gida. Ka tambaya, Jiji ko Marketplace na Facebook? Ni dai raba su zan yi.

Piyanon ka fara duba shi a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet. Tun da suka sayi harkar OLX ta Najeriya, wani shafin irin nasu, a 2019, can 'yan kasuwar kayan kiɗa suka fi taruwa, an kuma ware kaya rukuni-rukuni, jiha-jiha. Ka rubuta PSR, sunan wani samfurin piyanon Yamaha, ka ga farashi iri-iri a jere, ka san inda za ka taya. Cikas ɗin shi ne yawancin masu kayan suna Legas, kuma da yawansu masu shago ne, ribarsu na ciki. Sai an sa maka a mota, ka je tasha ka karɓa, ba ka taɓa shi da hannunka ba.

Piyano kuwa sai an taɓa. Irin PSR-E maɓallai 61 gare shi. Ka danna su ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Na taɓa zuwa ganin wani, mai shi ya yi ta kiɗa mai daɗi a tsakiya, da na bi ta gefen hagu sai ga uku sun mutu murus. Ka buɗe gidan batir ka ga ko ya yi tsatsa, ka tambayi adaftarsa ta asali. Idan kayan na nesa ne, ka tura wani naka ya gani, ko a gwada maka ta kiran bidiyo. Kafin alƙalami kam, a'a.

Keken kuwa Facebook. Kaya ne mai nauyi, kuɗin mota kaɗai zai cinye ribar, gara mai saye na cikin gari da zai zo da adaidaita sahu. Kana iya leƙa shafinsa ka ga ko kuna da abokai tare. Sai dai ka yi haƙuri da masu "nawa ne ƙarshe?" su ɓace. Ranar ɗauka kada ka yarda da hoton alat. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin keken ya fita ƙofa.