Hayaƙi da wuta: Carvaka ko David Hume?

In ka hango hayaƙi a kan dutse, ta ina ka san akwai wuta? 'Yan Nyaya, wata makarantar falsafa a Indiya ta da, da wannan misalin suke koyar da ƙiyasi, wai duk inda hayaƙi yake wuta na nan, kamar a murhun kicin. Sai 'yan Carvaka, wata makarantar falsafar a can Indiya, suka ce a'a malam, tsaya, kai ka ga dukkan hayaƙin duniya ne, na jiya da na gobe? Su abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa shi ne ilimi, shi ya sa suka ƙi yarda da karma, wato sakamakon ayyukan mutum da ke bin sa, da sake haifar mutum bayan ya mutu. Abin haushi littattafansu sun ɓata, yawancin abin da aka sani a kansu daga bakin abokan gabarsu ne, ka ga kuwa ba lallai an musu adalci ba.

Shi kuma Hume, masanin falsafa ɗan Sukotland, a 1739 ya kawo kusan wannan rigimar, har da misalin ƙwallayen biliyad, ka ga ɗaya ta bugi ɗaya ta gangara, amma ita kanta igiyar da ta ɗaure sababi da sakamako ai baka taɓa ganinta ba, kawai dai kullum haka kake gani sai zuciya ta saba. Sabo ne, inji shi.

Ni dai Hume yafi kwanta min, don bai ce a daina ƙiyasi ba, yasan ko shi in yaga hayaƙi na fitowa daga ɗakinsa da gudu zai nemi bokiti. Amma fa Carvaka sun riga shi tambayar da ɗaruruwan shekaru.