Shingen Gangar Barewa a Teksas: Wanne Za Ka Saya, Kuma Ta Ina Ake Cutar Mai Saye

Ranar Asabar da ta wuce wani ƙanenmu da ya shiga hayar daji tare da mu bana ya kira ni daga shagon kayan gona a San Antonio. Ya ce, "Yaya, ga ni gaban raga kala huɗu, ga kuma waya mai ƙaya tana araha. Wacce zan ɗora a mota?" Na ce kada ya ɗora komai sai mun yi magana. Abin da na gaya masa a waya shi zan shimfiɗa a nan, don na san akwai 'yan'uwa a Houston da Dallas da suka fara sha'awar farautar barewa, galibi saboda son naman da mutum ya san da hannunsa ya yi bisimilla a kansa.

Ga wanda bai san tsarin ba: kusan duk ƙasar Teksas mallakar mutane ce, don haka maharbi yakan biya mai gandun kiwo kuɗin shekara, ya ba shi izinin farauta a filinsa. Dokar jihar ta yarda a zuba wa barewa masara a irin wannan fili. Abin da ake amfani da shi ganga ce, yawanci durom mai galan 55, a ɗora ta kan ƙafafu uku, ƙarƙashinta akwai ƙaramin inji mai agogo da faifai mai juyawa, yana watsa masara safe da yamma na 'yan daƙiƙu. Matsalar ita ce filin ba na barewa kaɗai ba ne. Shanun mai gandu suna nan, aladen daji sun cika jihar, a yankin duwatsu wajen Llano da Mason kuma ga awaki da tumaki. Duk kunnensu ya san ƙarar injin nan.

Ni sai da na yi asara na koya. Shekarata ta farko na kewaye gangata da fallayen raga shida da na saya na hannu wurin wani mutum da na gani a intanet. Cikin watan Oktoba, ana saura makonni a buɗe farautar bindiga, shanu suka jingina da shingen ya kwanta, suka ture gangar, buhu shida na masara suka zube a ƙasa. Wata karsana ta ci har cikinta ya kumbura. Saniya ba ta saba da hatsi mai yawa lokaci guda ba. Yana tsami a tumbinta ya zame mata guba. Likitan dabbobi ya zo, amma ba ta kwana biyu ba. Na biya kuɗin karsanar, wannan da sauƙi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne fuskar dattijon da ya amince mana da filinsa, da kuma tuna cewa dabba ta mutu cikin wahala saboda na nemi araha. Saboda haka idan ka ga na fi damuwa da kaurin ƙarfe fiye da komai, ka san inda abin ya samo asali.

Zaɓina, ba tare da kwana-kwana ba, shi ne ragar da ake sayarwa da sunan ragar alade: falle mai tsawon ƙafa 16, tsayi inci 34, na waya mai kauri geji 4 (geji shi ne lambar da ake auna kaurin waya da ita), wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa aka kuma tsoma ta a ruwan tutiya don kada ta yi tsatsa. Wanda ya tsara ta ya san aladu. Ramukan ƙasa ƙanana ne, layukan sun matsu da juna, sai su riƙa buɗewa yayin da ake hawa sama. Ɗan alade ba ya samun inda zai kutsa, babba kuma ba gwanin tsalle ba ne, ƙarfinsa a hanci yake. Barewa kuwa inci 34 ba komai ba ne a wurinta, daga tsaye take ɗaga jiki ta faɗa ciki. Masana na jami'ar Texas A&M sun gwada wannan a kudancin jihar: shinge mai inci 20 ya rage aladu amma bai hana su ba, mai inci 34 ya tsare su gaba ɗaya, kuma manyan barewa ba su fasa zuwa cin masara ba. Abin da kyamarar da na ɗaure a bishiya take nuna mini ke nan shekara da shekaru. Aladu su zo da dare, su zaga, su shinshina, su wuce.

Ina son ta kuma don ba ta buƙatar gwaninta. Ba a jan ta kamar waya, ba a kafa mata manyan turakun kusurwa. Mutum biyu da bututun buga turke da filaya sun gama aikin kafin azahar. Idan mai gandu ya sayar da filinsa ko kuka rabu, ka kwance abinka ka ɗora a tirela.

Za ka ce, to ai saniya ta fi inci 34, me zai hana ta tsallakawa? A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna neman maganin a tsayi alhali a faɗi yake. Saniya ba ta tsallaka shinge haka kawai. Takan ga ƙwayar masara kusa da raga, ta miƙa wuya, ta jingina ƙirji, ta ƙara miƙawa, ragar ta lanƙwashe, shi ke nan ta gane hanya, gobe ta zo da 'yan'uwanta. Idan babu ƙwaya ko ɗaya da ke faɗuwa kusa da shingen, ba ta da dalilin jingina. Don haka kafin ka sayi komai, kunna injinka ka auna da ƙafa iyakar inda masara take kaiwa, sannan ka ƙara tazara mai kyau a kan wannan. Lissafin ba wuya: falle 6 a da'ira suna ba ka faɗin kusan ƙafa 30, falle 8 kusan 40, falle 10 kusan 50, falle 12 kusan 60. Shida ya yi kaɗan inda akwai shanu, ni shaida ne. Goma shi ne mafi ƙanƙanta da zan ba mutum shawara, nawa goma sha biyu ne. Barewa ma ta fi sakin jiki a fili mai faɗi, musamman manyan maza masu ƙaho, waɗanda ba sa shiga inda suke jin an matse su.

Ka yi shi da'ira, kada ka yi mai kusurwa huɗu. Lanƙwasar da kanta tana ƙara wa ragar ƙarfi. Ka haɗa bakin falle da falle su hau juna da ramin raga ɗaya, turke a kowace mahaɗa, wani a tsakiya, inda shanu suka yi yawa ka sa biyu a tsakiya. Turakun su kasance daga ciki, ragar daga waje, domin idan dabba ta turo, ƙarfen turke ne zai tare, ba igiyar waya da ka ɗaure ba. Gefen ƙananan ramuka a ƙasa, ya zauna daram ba rata. Falle ɗaya ka ɗaure shi yadda zai buɗe, don a-kori-kura ta shiga da baya ranar cika ganga. Sannan ka tuna da 'ya'yan barewa da ake haifa daga Mayu zuwa Yuli: a wuri ɗaya ko biyu ka yanke layin sama na ragar, faɗin kamar ƙafa uku, ka goge bakin yankan da zarto kada ya tsaga musu ciki.

Sauran zaɓuɓɓukan fa? Ragar shanu mai inci 50 tana tsare shanu ƙwarai, amma ƙananan barewa ba sa iya shiga, ramukanta na ƙasa kuma 'yan aladu suna wucewa. Ka biya kuɗin tsayin da za ka zo kana yankewa. Waya mai ƙaya ita ce mafi araha, nadi ɗaya ƙafa 1,320, sai dai alade yana bi ta ƙasanta kamar babu ita, kuma wanda ya taɓa ganin barewa a rataye, ƙafarta ta baya ta harɗe tsakanin wayoyi biyu na sama, ba zai so ta kusa da abinci ba. Wayar lantarki mai sola tana aiki ga wanda yake kwana a gonarsa. Kai da kake zuwa sau biyu a wata, ciyawa ta taɓa ta ko batir ya mutu, ka bar ganga tsirara. Ragar nadi mai laushi saniya ɗaya ta ishe ta. Shingen bututun ƙarfe na garke yana da ƙarfi da tsada, alade kuma yana shiga.

Wuri ɗaya zaɓina yake gazawa, kuma dole in faɗa: akuya. Wanda ya taso a gida ya san ba a yi wa akuya gajeriyar danga. Idan filinku na awaki ne, nemi raga mai ramuka inci 4 da 4, tsayi inci 48, don kada ta cusa kai ƙaho ya maƙale, sannan ka yanke wa barewa mashiga. Akwai kuma ragon dutse, irin wanda ke rayuwa a duwatsun Abzin na Nijar, wanda aka kawo Teksas tun shekarun 1950 ya yaɗu a yammacinta. Wannan duk abin da barewa ta tsallaka shi ma zai tsallaka, kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Yanzu ga maganar da ta sa na hana yaron nan ɗora kaya. Sanin sunan ragar bai isa ba, domin a nan ake yanka mutane.

Lambar geji a juye take: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Geji 4 ya kusa milimita 5.7, geji 6 kusan 4.9, geji 8 kusan 4.1. A ido bambancin ba ya fitowa sosai, musamman idan raga tana jibge cikin rana tana ƙyalli, amma ƙirjin saniya yana gane shi nan take. Mai sayarwa marar tsoron Allah zai ce maka "ai geji 6 ya fi 4," kai kuma sabon shiga ka ɗauka gaskiya ne. Wani zai rubuta "mai nauyi" ko "na gandun kiwo" a talla ba tare da lamba ba. Duk tallan da ba lamba, ka ɗauka siririya ce. Sayi ɗan ma'aunin kauri ka sa a aljihu, ka auna wayar tsaye ka auna ta kwance, domin akwai ragar da ake yi wa kauri a layin sama da na ƙasa kawai, tsakiyar duk siririya. Kada ka auna na saman tuli kaɗai. Ka ce a zaro maka daga tsakiya. Nawa da suka kwanta, biyun sama ne masu kyau.

Sai fenti. Tsohuwar raga da ta ci tsatsa ana fesa mata fenti mai ruwan azurfa ta koma kamar sabuwa. Kankare ta da makulli a wurin walda. Tutiya ta gaske ba ta ɓarewa kamar ɓawo, fenti kuwa zai tashi ka ga ja a ƙasa. Taka layin ƙasa ka ja na sama da ƙarfi; idan ka ji ƙas, walda ta saki, to sauran ma haka za su yi ɗaya bayan ɗaya. Duba kuma tsawon da awo, don ana yanke ruɓaɓɓen baki a sayar maka da ƙafa 14 a kuɗin 16, sai ka je daji da'irarka ta ƙi haɗuwa.

Turaku ma haka. Turken ƙarfe ana sayar da shi ne da nauyin kowace ƙafa: akwai mai laba 1.25, akwai mai 1.33, akwai marasa nauyi na lambu da ba su kai laba ɗaya ba, kuma duk fenti iri ɗaya ake shafa musu. Mai laba 1.33 mai tsawon ƙafa 6 ya kamata ya haura laba 8 a sikeli saboda farantin da ke gindinsa. Ɗauki ɗaya ka auna. A ƙasar duwatsu turke marar nauyi tun wurin bugawa yake lanƙwashewa. Idan ka ga turke da alamar an miƙe shi da guduma, bar shi, inda ya taɓa lanƙwashewa nan zai koma.

Ka yi hattara da kayan da arhar su ta wuce hankali, mai su kuma ya ce ku haɗu a gidan mai da dare, kuɗi hannu, ba rasit. Ana satar raga da ganguna daga filayen farauta a watannin da maharba ba sa zuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma baƙo a ƙasar mutane shi ne na ƙarshe da ya kamata a kama da kayan sata a bayan motarsa. Haka mai cewa ka tura kafin alƙalami ta waya zai kawo maka har daji: kada ka tura wa wanda ba ka ga kayansa da idonka ba. Idan ɗan kwangila za ka ba aikin, a rubuta geji, da nauyin turke, da yawan fallaye a takarda, kuma ka je ka ƙirga turakun da kanka kafin ka cika masa kuɗi, don an saba tsallake na tsakiya a gefen da ba ya kallon hanya.

Kafin duk wannan, ka sami mai filin ka nuna masa inda za ka kafa, ka tambaye shi irin dabbobin da zai saki a wannan sashe da watan da zai sake su, ka karɓi amincewarsa a rubuce. Ƙanen namu ya fasa sayen ranar. Ya koma bayan kwana uku da ma'auni a aljihu, ya ɗauki falle 12 na geji 4 da turaku 36 masu laba 1.33. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je mu kafa, kuma na ce ya taho da injin huda dutse, don wurin da ya zaɓa ƙasar ba ta kai taƙi ɗaya ba ka tarar da fa.