Ƙasar tukunya ta kanti: yadda za ka kauce wa cinikin biri a sama

Shukar da ke gona tana iya miƙa saiwa gefe ta nemo ruwa da abinci, amma tumatirin da ke cikin bokiti iyakarsa abin da ka zuba masa. Shi ya sa zaɓen ƙasar tukunya ya fi zaɓen iri wuya. A rufe take zuwa, ga hoton jan tumatir a jikin buhu, kuma ba za ka san abin da ka saya ba sai bayan mako uku ko huɗu, lokacin da irin ya riga ya tafi.

Gara in faɗi inda na karkata tun yanzu: tubalin ɓawon kwakwa. Garin ɓawon kwakwa ne ake busarwa a matse shi ya zama tubali, galibinsa daga Indiya da Sri Lanka. Tubali mai kilo 5 idan ya sha ruwa yakan kumbura ya kai lita 60 zuwa 70. Abin da ya sa nake son sa shi ne ba ya da wurin ɓoye komai. Busasshe ne, don haka ba ruwa ka saya ba. Kana jiƙa shi kana murmushewa da hannunka, ko tsinke ne a ciki za ka gani. Ba irin ciyawa, ba ƙwan ƙwari, ba wari. Yana riƙe danshi amma ba ya danƙarewa, saiwa tana samun iska, kuma ko ya bushe ƙayau, da ka zuba ruwa zai sha nan take. Tsaminsa kuma daidai da bukatar yawancin kayan lambu, wajen 5.5 zuwa 6.8 a ma'aunin pH.

Yana da nasa aibi biyu. Na farko, babu abinci a cikinsa, gado ne kawai na saiwa. Dole ka haɗa shi: kashi 2 na ɓawon kwakwa, kashi 1 na takin da ya ruɓe sarai, kashi 1 na falayit, fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake samu idan an gasa dutsen aman wuta ya kumbura. In babu falayit, yashi mai manyan ƙwayoyi zai yi, sai dai tukunyar za ta yi nauyi. Na biyu, gishiri. Wanda ba a wanke da kyau ba yana zuwa da gishirin da ke ƙone bakin ganye ya tsugunar da tsiro. Nemi wanda aka rubuta cewa an wanke, kuma ko an rubuta, jiƙa shi ka tsiyaye ruwan, ka sake, kafin ka shuka. Aikin rabin yini ne, ya fi asarar kaka guda.

Sauran fa? Haɗin da aka yi da fit, wato ruɓaɓɓiyar gansakukar fadamun ƙasashen sanyi, yana da laushi kuma iri na tsira a cikinsa da kyau, amma ranar da ka bari ya bushe, ruwa zai riƙa bi ta gefen tukunya yana fita ƙasa, tsakiyar tana nan a bushe. Ga shi a shekara milimita ɗaya kacal yake taruwa a inda ake haƙo shi. Haɗin John Innes, wanda William Lawrence da John Newell suka tsara a Ingila a shekarun 1930, ƙasa ce ta gaske: kashi 7 ƙasar noma, 3 fit, 2 yashi, kuma cikin nau'o'inta da ake bambantawa da lamba, mai lamba 3 ta fi taki, ita ake ba tumatir. Tana da kyau in an yi ta yadda aka tsara, amma nauyinta sai mai ƙarfi, kuma sunan ba ya hana a zuba ƙasar banza. Ita kuwa babbar jakar nan mai rahusa da ake cewa ta dace da kowace shuka, araha ba ta ado.

A kan wannan ta ƙarshen nake son in tsaya, don ita ta taɓa cinye mini tumatir da wake gaba ɗaya. Tsiron ya fito lafiya, sai sabbin ganyen suka fara nannaɗewa, suka zama sirara, kan shukar ya murɗe. Babu ƙwaro, babu ƙarancin ruwa. Wannan alamar maganin kashe ciyayi masu faɗin ganye ce, irin su aminofiralid. Ana fesa shi a makiyaya, dabba ta ci ciyawar, maganin ya bi ta cikinta ya fito a kashi bai lalace ba, a kwashe kashin a yi taki, a zuba a buhu. Tulin taki ba ya karya shi da wuri. A 2008 ya yi ɓarna a lambunan mutane a Biritaniya har aka dakatar da sayar da shi na wani lokaci. Tumatir, dankali da wake ne ya fi kamawa, masara da dangin ciyawa kuwa ko a jikinsu. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, kuma mai kanti ma sau da yawa bai san yana ciki ba.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Cika ƙananan tukwane biyu da sabuwar ƙasar, wasu biyu da ƙasar da ka amince da ita, ka shuka wake a duka. Kada ruwan da ya tsiyaye daga wannan ya shiga waccan. Jira ganye na biyu da na uku su fito, wajen mako uku. In na sabuwar ƙasar sun lanƙwashe kamar cokali, na ɗayar kuma sun buɗe, kada buhun nan ya kusanci kayan lambunka.

Akwai kuma ha'incin da za ka iya kamawa tun a kanti. Ɗaga buhun. In ya yi nauyin da ya wuce girmansa, ruwa ne ko yashi aka cika. Ka fi yarda da wanda aka rubuta yawansa da lita a kan wanda aka rubuta da kilo, don kilo ana ƙara shi da bokitin ruwa. Sa hanci kusa da ƙananan hudojin buhun: ƙasa mai kyau ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya taɓa take yi. Warin fitsari ko na ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin takin bai gama ruɓewa ba, ko ya daɗe a jiƙe babu iska. In ka taɓa ka ji ɗumi daga ciki, har yanzu yana dahuwa, zai ƙone saiwa. Dubi bakin buhun ma. Wanda aka buɗe aka sake ɗinkewa ko aka manne da wuta a karkace, ba lallai abin da ke ciki ya zama na kamfanin da sunansa ke jiki ba.

Baƙin launi kuma kada ya ruɗe ka. Garin katako da bai ruɓe ba, in aka cakuɗa shi da ɗan taki ya yi duhu, sai ka rantse ƙasa ce mai albarka. Murza shi tsakanin yatsu, za ka ga ƙwayoyin katakon da haskensu a ciki. Ƙananan halittun da ke ruɓar da katako suna janye sinadarin naitirojin da shuka ke bukata, shukarka ta yi rawaya tana zaune a cikin abin da ka biya kuɗi a matsayin taki. Haka buhun da rubutunsa ya koɗe saboda rana, ko wanda kore ya fito a hudojinsa: tsohon kaya ne, takin da aka sa masa ya sauya, kuma sau da yawa ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan da tsutsarsu ke cin saiwar tsiro sun riga sun yi gida. Gutsuren leda, gilashi ko waya a ciki kuwa alama ce cewa daga shara aka tace shi, kuma ba a tace da kyau ba.

Ko buhu mai kyau ka samu, takin da ke cikinsa na mako 4 zuwa 6 ne. Bayan nan ciyarwa ta koma wuyanka, musamman tumatir da barkono idan sun fara fure. Rubutun da ke cewa zai ciyar da shuka wata da watanni, karanta ƙananan haruffan ƙasansa tukuna.

In za ka buɗe kowane buhu, buɗe shi a waje, ka kau da fuska, ka yayyafa ruwa kafin ka tona, sannan ka wanke hannu. A Ostireliya da New Zealand an sha danganta cutar huhu da ƙwayar Legionella longbeachae da ke zama a irin wannan ƙasa, kuma ta ƙura take shiga.