Zaki da ɓera a Saginaw: abin da muka gani ni da yara

Asabar ɗin da ta wuce na kwashi yarana biyu daga Detroit muka miƙa arewa, tafiyar kusan awa biyu a mota, zuwa Jami'ar Saginaw Valley da ke jihar Michigan a Amurka. A cikinta akwai gidan adana ayyukan Marshall Fredericks, masassaƙin da aka haifa a 1908, ya rasu a 1998. Duk mazaunin Detroit ya san aikinsa ko da bai san sunansa ba, domin shi ya yi ƙaton mutum-mutumin nan na 1958 da ke zaune a gaban ginin hukumar birni. Ba a karɓar ko sisi a ƙofar gidan adana ayyukan nasa.

Da muka shiga babban zauren, fari fat ne ya tarbe mu ta ko'ina. Yawancin abin da ke ciki samfura ne na filasta, waɗanda daga jikinsu aka zuba tagulla ko aka sassaƙa dutse. Na ɗauka wannan zai rage musu armashi, ashe a filasta ne ake ganin sawun hannun mai aiki sosai, inda ya goge da inda ya bari da kaushi.

Ni abin da ya tsayar da ni shi ne zaki da ɓera. Fredericks ya yi shi a 1957 saboda wata babbar kasuwar zamani mai suna Eastland, kusa da Detroit, kuma tushensa tsohuwar tatsuniyar Girka ce da ake dangantawa da Aesop: zaki ya kama ɓera ya yi masa rai, daga baya mafarauta suka kama zakin a raga, ɓeran ya zo ya gwaguye igiya ya kuɓutar da shi. Da ni aka ba aikin, wurin ragar zan zaɓa, inda ake kokawa. Shi kuwa mutumin nan sai ya kwantar da zakin rigingine, jiki a sake, gashin wuyansa a murɗe kamar kitso, ga ɗan ɓera a kan tafin ƙafarsa babu alamar fargaba. Duk wahalar ta wuce, saura amana. Na daɗe ina zagaya shi. Girman zakin da ƙanƙantar ɓeran kaɗai sun isa su ba da labarin, ba sai an karanta allon bayani ba.

'Yar autata ta ja ni da riga ta ce, "Baba, wannan ne ɗan ɓeran ƙurunƙus?" Kullum da dare idan na gama yi musu tatsuniya da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera" nake rufewa, kamar yadda kakata take yi mana a tsakar gida. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Yarinyar da aka haifa a nan, wadda nake ta fargabar Hausa za ta kuɓuce mata, ita ce ta ɗauko wannan da kanta. A nan muka tsuguna na ba su labarin da Hausa, daga "ga ta nan, ga ta nanku" har ƙarshe, yayanta yana ta tambaya ko zakin nan shi ne wanda Gizo ke yi wa wayo.

Akwai kuma yaro da beyar, na 1954, inda ƙaramin yaro ke zaune a gadon bayan ƙatuwar dabbar hankali kwance. Shi ma ya yi kyau, sai dai bai kama ni kamar zakin ba, wataƙila don ban taso da labarin beyar ba. Barewar da ta yi tsalle ta karkatar da wuya baya kuwa, wadda ya yi wa maɓuɓɓugar ruwa a tsibirin Belle Isle da ke Detroit a 1936, duk wanda ya taɓa ganin barewa a daji zai yarda mutumin ya lura da dabba. Gwaggon birai ma suna nan, zaune kamar dattawa a bakin fada.

Na san wasu 'yan uwa ba sa sakewa da mutum-mutumi, kuma ina girmama hakan. Ya kamata su sani tun daga gida cewa ban da dabbobi akwai siffofin mutane, har da na addinin Kirista. Mai zuwa da ƙananan yara ya riƙe hannunsu a cikin zaure, domin filasta ba ta jure taɓawa, kuma dabbobin nan suna kiran hannu. A waje akwai lambu mai ayyukan tagulla, can suka samu filin gudu.

Awa biyu muka yi, kusan rabinta a gaban zakin. Mun yi shawarar komawa idan sanyi ya wuce, mu tafi da mahaifiyarsu.